Rumbu, Jirgi da Albasa: Yadda Mutanen Kogin Yauri Suka Raba Kasadarsu

Kogin Kwara sau biyu yake cika a shekara a ƙasar Yauri, kuma duk mai son gane yadda mutanen wannan yanki suka riƙa juya dukiyarsu, daga nan ya kamata ya ɗauko zaren. Cikar farko ta damina ce. Ruwan da aka yi a ƙasashen Sakkwato da Kabi da maƙwabtansu ne yake gangarowa da laka, ya kai ƙarshen ƙarfinsa wajen watan Satumba, shi ake kira farin ruwa. Cika ta biyu kuwa daga nesa take zuwa. Ruwan da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini yakan bazu a cikin manyan fadamun ƙasar Mali, ya yi watanni yana jan ƙafa, ya sauke lakarsa a can, sa'annan ya iso Yauri a tsakiyar hunturu garau da shi, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Wannan shi ne baƙin ruwa. Ruwa biyu ke nan daga sama biyu, masu nisan ɗaruruwan mil a tsakaninsu, kuma ba dole ba ne ƙarancin ɗaya ya zo daidai da ƙarancin ɗayan. Abin da nake so in kafa shi ne, hikimar da ta riƙe Gungawa da Sarkawa da Kambari da Shangawa da Hausawan Yauri shekaru aru-aru ba yawan sana'o'i ba ce kawai. Sun iya zaɓen hanyoyin samu waɗanda ba sa mutuwa rana ɗaya, kuma sun san abin da ake yin kasada da shi da abin da ba a taɓawa ko da riba ta yi kira.

A dubi gidan Bagunge kafin a tare kogin da madatsar Kainji. Sunan ma daga gungu ya fito, wato tsibiri, ko da yake su Reshe suke kiran kansu. Da damina yana noman gero da dawa a tudu, shinkafa kuma a ƙasan da ruwa ke kwanciya. Waɗannan biyu kishiyoyin juna ne a wajen buƙatar ruwa: shekarar da ruwa ya yi yawa har geron tudu ya sha wuya, shinkafa takan yi kyau matuƙar ambaliya ba ta shanye kanta ba, shekarar da aka yi ƙamfa kuma shinkafa ta ƙone, gero mai jure ƙishi yakan fitar da gida kunya. Abin da aka girbe ya shiga rumbu, kuma hatsin rumbu ba jari ba ne, ran iyali ne. Idan kaka ta wuce sai a koma bakin kogi a yi fangalin albasa. A nan baƙin ruwa yake nuna amfaninsa, domin shi ke riƙe kogin a cike kusa da fangali a daidai watannin sanyi da albasa take so, har mutum ya iya ɗibar ruwa da ƙwarya ya yi ban-ruwa da hannu. Albasa ita ce ta kuɗi. Tana iya yin tsada ta yi wa mutum aure da sutura da kuɗin haraji, tana kuma iya ruɓewa ko kasuwarta ta faɗi. Amma ko ta faɗi, ba ta shiga rumbu ta ci hatsin ba, domin abin da aka zuba mata ƙarfin jiki ne na lokacin da babu wani aikin gona. Ga kuma jirgi da koma da mamari na kamun kifin miya da ɗan na sayarwa. Ga awaki da kaji, galibi a hannun mata, waɗanda ake iya kaiwa kasuwa ranar da ciwo ko baƙo ya zo ba shiri. Wanda Allah ya buɗa wa ya sayi saniya ya ba Bafulatani kiwo, ita ce ajiyar da ba a waiwaya sai babbar lalura.

Wanda ya lura zai ga wannan tsari hawa-hawa ne, kuma kowane hawa da aikinsa. Akwai abin da aka ajiye don kada a mutu, akwai abin da ake iya mayarwa kuɗi cikin yini guda, akwai ajiyar dogon zango mai haihuwa a hankali, sa'annan akwai inda ake neman riba mai tsoka tare da sanin cewa ana iya tashi a tutar babu. A shekarar 1952 wani masanin tattalin arziki na Amurka, Harry Markowitz, ya fitar da lissafin da ya nuna cewa haɗarin tarin jari bai tsaya ga haɗarin kowane ɗaya daga cikinsu ba, ya danganta ne ga ko suna tashi da faɗuwa tare. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1990, kuma a kansa masu juya hannun jari na duniya suke tafiya har yau. Ba ina cewa manomin tsibiri ya riga shi lissafi ba ne. Ina cewa matsalar da Markowitz ya warware da alƙalami ita ce wadda mutumin kogi ya warware da gwaji da asara da gadon iyaye, kuma amsar da suka isa gare ta iri ɗaya ce. Mai gonar shinkafa goma a fadama ɗaya gona ɗaya gare shi, domin ambaliya ɗaya ce za ta kwashe su. Mai gero a tudu da shinkafa a fadama da albasa a rani, shi ne ya raba ƙafa da gaske.

Can ƙarshen ma'aunin, inda riba da haɗari suka fi kauri, akwai fataucin goro. Yauri tana kan ɗaya daga cikin hanyoyin da ayarin Hausawa suke bi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, kuma a yankinta ake yin fito a ƙetare Kwara a nufi ƙasar Bargu, daga can a kai kasuwar Salaga. Fatake sukan tafi da kanwa da tufafin rini da kayan fata da dabbobi da gabu, wato busasshen ganyen albasa, su komo da goro. Tafiya ce ta watanni, wani lokaci ta cinye shekara. Goro kaya ne mai rai, sai an riƙa kwance huhu ana zaɓe ana yayyafa ruwa, in an yi sakaci ƙwari da zafi su gama da shi. Ga 'yan fashi, ga kuɗin hanya da kowane sarki yake karɓa, ga jakuna masu mutuwa. Ribar da ke cikinsa ce ta sa mutane suke jure wannan duka, amma su ma fataken ba su shiga da ka ba. Tafiya cikin babban ayari ƙarƙashin madugu hanya ce ta raba kuɗin tsaro da na sulhu da sarakuna a kan mutane da yawa. Attajiri kuma ba ya ɗora dukiyarsa kaf a ayari guda, yakan rarraba wa yaransa jari su bi hanyoyi dabam-dabam. Fiƙihun Malikiyya ma ya tanadi ƙiradi, inda mai dukiya yake ba da uwar kuɗi, mai tafiya ya ba da wahalarsa, in an ci riba a raba bisa yarjejeniya, in an faɗi ba da sakaci ba mai kuɗi ya ɗauki asarar kuɗinsa, mai tafiya ya yi asarar guminsa. Mutanen bakin kogi kuwa sun zaɓi wuri mai kyau a cikin wannan ciniki. Mai fito yana karɓar ladansa ko goro ya yi riba a Kano ko bai yi ba, haka mai sayar wa ayari hatsi da kifi. Ribarsu ba ta kai ta falke ba, amma ba sa kwana da fargabar da yake kwana da ita. Da 'yan'uwan nan biyu Turawan Ingila, Richard da John Lander, suka zauna a Yauri a 1830 suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a Busa a 1806, sun ba da labarin ƙasa mai yawan shinkafa, ga albasa da alkama da baba. Ƙasar ba a kan ƙafa ɗaya take tsaye ba.

Ƙarni na 19 ya gwada wannan tsari gwaji mai tsanani. Bayan jihadi Yauri ta zauna da amana tana kai gaisuwa Gwandu, amma rigingimun sarauta na cikin gida da hare-haren Umaru Nagwamatse da zuriyarsa daga Kwantagora sun ɗaiɗaita ƙauyukan tudu, musamman na Kambari. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya yi shugabancin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a kan raunin mulkin Yauri na wannan ƙarni ya fara bincikensa na tarihi. Birnin Yauri ya rasa matsayinsa, sarauta ta fake a tsibiri, sai a 1888 ta zauna a Yelwa. A irin wannan zamani gonar tudu da rumbunta su ne abin da mahara suke fara cimma, tsibiri da jirgi kuwa dawaki ba sa kai musu. Dukiyar da ta fi aminci a zaman lafiya ita ta zama mafi haɗari a lokacin yaƙi. Sa'annan hanyar goro kanta ta mutu. Turawan Ingila sun karya Asante, ƙasar da goron yake fitowa, a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka gane sabuwar hanyar da wuri suka bi ta. Masu fiton Yauri ba su yi laifin komai ba, duniya ce ta sauya hanya. Abin da ya hana wannan zama halaka shi ne, fito bai taɓa zama abincinsu kaɗai ba.

Akwai masu cewa wannan duka ƙawata talauci ne. A ganinsu mutumin da ya taɓa noma ya taɓa su ya taɓa kiwo ba dabara yake yi ba, rashin jari ne ya hana shi tsayawa kan abu guda ya ƙware, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Suna kuma da hujja a cikin yankin kansa: Sarkawa, waɗanda suka gangaro daga ƙasar Kabi, su ne gwanayen su, kuma sun kai ga haka ne don sun ba ruwa rayuwarsu gaba ɗaya, kamar yadda Fulani suka ba shanu tasu. Akwai gaskiya a nan wadda ba za a kauce mata ba. Raba ƙafa yana da farashi, kuma farashin shi ne ribar da aka bari. Wanda ya zuba ƙarfinsa duka a albasa a shekarar da ta yi tsada zai fi maƙwabcinsa samu nesa ba kusa ba. Sai dai lissafin mai rumbu ɗaya dabam yake da na mai rumbu goma. Attajiri in ya faɗi bana zai tashi baɗi, talaka in ya faɗi sau ɗaya sai ya sayar da jirgi ko akuya ko ya jinginar da gona, wato ya sayar da abin da zai tashi da shi. Ga wanda faɗuwa ɗaya take iya fitarwa daga fage har abada, ƙaramar riba tabbatacciya ta fi babbar riba ta wataƙila, kuma wannan hankali ne, ba tsoro ba. Game da Sarkawa da Fulani kuwa, su ma sun raba kasadarsu, sai dai ta wata fuska. Sun raba ta a kan wurare. Basarke yana bin kifi daga wannan ruwa zuwa wancan, Bafulatani yana bin ciyawa, yana kuma rarraba garkensa a hannun dangi don kada annoba ɗaya ta share shi. Bayan haka kifi da nono da hatsi suna musanya hannu a kasuwa ɗaya, ta yadda ƙwarewar kowa ta zama madogarar ɗan'uwansa. Abin da gida ɗaya bai raba ba, gari ya raba masa.

Inda wannan tsari yake da rauni na gaske wani wuri ne dabam, kuma sai da aka gina madatsar Kainji ya bayyana. An fara aikin a 1964, aka tare ruwan a 1968, aka buɗe ta a farkon 1969. Tafkin da ya taru ya kai tsawon kilomita 130 da wani abu, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da fadamu, aka tayar da kimanin mutum 44,000 aka sake musu matsuguni. An gina musu gidaje na bulo da siminti, kuma a wajen gine-gine ba a ce ba a yi ƙoƙari ba. Amma gida ba shi ne dukiyar Bagunge ba. Dukiyarsa ita ce lakar bakin tsibiri da aka san halinta tun kaka da kakanni, da sanin ranar da ruwa zai hau da ranar da zai sauka. Shinkafar fadama, da fangalin albasa, da wuraren da kifi ke taruwa, da burgun da shanu ke ci da rani a wurare irin su Foge, ashe duk rassa ne na itace ɗaya, kuma itacen shi ne tafiyar kogin. Muddin kogin yana kan al'adarsa, rassan ba sa bushewa tare. Ranar da aka sauya kogin kansa, tare suka girgiza. Masu ilmin jari suna bambanta haɗarin da rarrabawa take maganinsa da haɗarin da ya shafi kasuwa gaba ɗaya, wanda ko ka sayi hannun jarin kamfani ɗari ba ka tsira ba. Mutanen tsibiran Yauri sun gamu da nau'i na biyu a cikin shekara guda, kuma ba su da hannu a shawarar da ta jawo shi.

Abin da ya biyo baya a cikin ruwan ya isa darasi shi kaɗai. Sabon tafki yakan yi albarkar kifi a shekarunsa na farko, saboda ciyayi da itatuwan da ruwa ya rufe suna ruɓewa su zama abinci. Haka aka yi a Kainji, kifin falia ya yi yawa, kamun shekara ya haura tan 28,000 a farkon shekarun 1970, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa. Kafin 1978 ya faɗo zuwa kimanin tan 4,500. Wanda ya ɗauki shekarun farko a matsayin yadda abin zai dawwama, ya sayar da akuya ya ƙara taru, ya gane kurensa a makare. An sake maimaita labarin bayan shekara ashirin. Ƙididdigar aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus kan kamun kifin tafkin, wanda ya yi aiki tare da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, ta nuna kamun ya kai kimanin tan 38,000 a 1996, mafi yawansa albarkacin tarun dala mai ƙananan idanu da ake ja don kifin warangi. Dala tana kawo kuɗi da sauri, amma tana kwaso 'ya'yan manyan kifaye tun ba su girma ba, wato tana cin uwar kuɗi tana kiranta riba. Kafin ƙarshen shekarun 1990 an hana ta, kuma zuwa 2001 kamun ya sauko kusan tan 13,000. Wani ɓangare na wannan saukowa hanin ne ya jawo shi, tunda warangin da dala take kamawa ya fita daga lissafi, amma hanin kansa shaida ne cewa garin neman ƙiba an kusa samo rama.

Za a iya cewa, to ai madatsar ta biya kuɗin sabulu: injinanta 8 suna da ƙarfin megawat 760, ta haskaka birane da masana'antu, kuma mutanen bakin tafkin ma ba su durƙushe ba. Wannan ma gaskiya ne. Binciken da wani masani mai suna Wolf Roder ya yi shekaru bayan tayar da mutanen ya nuna yadda suka sake gina rayuwarsu. Tafkin yakan cika daga ƙarshen damina, ya zauna a cike har cikin hunturu, sa'annan ya ja baya ya bar fili mai danshi, manoma suka koyi bin sa suna shuka. Da injin ban-ruwa na fetur ya yaɗu, albasar Yauri ta koma kasuwa da ƙarfinta, har yau kuma ana lodinta zuwa kudu. Amma wannan farfaɗowa hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Mutanen sun tashi ne don sun saba da riƙe sana'a fiye da ɗaya, sai suka jingina da wadda ta rage kafin sauran su dawo. Kuma maganar cewa ƙasa ta ci riba ba ta amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba, wato wa ya ɗauki kasadar, wa ya kwashi ribar. A ƙiradi, wanda zai ci riba shi ke ɗaukar asara. A Kainji an raba su: wutar ta tafi birane, asarar ta zauna a bakin ruwa. Kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, wadda aka yi dokarta a 2010 amma ba ta fara aiki ba sai bayan shekara goma, amincewa ce a makare cewa akwai bashin da ba a biya ba.

Abin da ya fi damuna a yau shi ne yadda hawa-hawan nan na dā suke rushewa ɗaya bayan ɗaya, alhali ana ƙara tura mutane zuwa ga hawa mafi haɗari. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoma rance a Birnin Kabi, kuma shinkafa ce zuciyarsa. Ya ƙara noma, ya shigo da kuɗi, ba mai musun haka. Amma ya ƙarfafa manomi ya tattara ƙarfinsa a amfani ɗaya, a fadama ɗaya, da kuɗin da ba nasa ba. Da ambaliyar 2020 ta zo ta shafe ɗaruruwan dubban hekta na shinkafa a jihar Kabi, mutane da yawa sun wayi gari ba amfani, ga bashi a wuya. Kakansu da ambaliya ta ci shinkafarsa yakan koma ga geron tudu, ba ya kuma bin kowa ba a bin sa. Saniya, wadda ita ce ajiyar da ta fi kowace aminci, ta zama abin da ke jawo wa mai ita ɓarayin daji. Samari kuma suna barin gona zuwa ramukan zinariya na wajen Birnin Yauri, inda tun zamanin Turawa ake haƙa, sana'ar da mutum ɗaya yake dacewa ɗari su dawo da ƙura. Hatta jirgi, wanda ya ceci kakanni daga mahara, yanzu lodin da ya wuce kima da kututturan itatuwan da tafkin ya rufe sun mai da shi abin tsoro, kamar yadda aka gani a watan Mayu na 2021, lokacin da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, kaɗan suka tsira.

Ba komawa ban-ruwa da ƙwarya nake kira a yi ba. Mai ba da rance yana iya tsara bashinsa ya haɗa shinkafar damina da albasar rani da 'yan dabbobi, maimakon ya ɗaure manomi a amfani guda, kuma inshorar amfanin gona tana iya zama sharaɗi na gaske wanda ake biya idan ruwa ya ci. Akwai kuma abu ɗaya mai sauƙi da ya fi waɗannan gaggawa. Dā manomin Ngaski ko Shanga yana karanta kogin da idonsa, ya san farin ruwa ya san baƙi, ya tsara shekararsa a kansu. Yau hawa da saukar ruwan da zai shuka a bakinsa ya danganta ga ruwan sama, ya kuma danganta ga shawarar da ake yankewa a madatsa game da yawan ruwan da za a riƙe da wanda za a saki. Wannan shawara ana iya sanar da ita da wuri, da Hausa, ta rediyo da bakin sarakunan ruwa da masu unguwanni, kafin mutum ya zuba irinsa a ƙasan da ruwa zai hau nan da mako uku.